Wai waya barci take yi a aljihu ko idonta biyu? Fashin baƙi kan yadda kanel yake amsa kiran na'urori

Idan ka kashe hasken wayarka ka jefa ta aljihu, barci take yi ko idonta biyu? In barci take, ta yaya take sanin an kira ka ko saƙo ya shigo ko ka danna maɓalli? In kuma idonta biyu, to me take kallo duk tsawon dare? Wannan musun ba ya ƙarewa a rumfunan cajin waya na ƙauyukanmu, daga Garun Malam har Maigatari, wani ya ce ai ba ta taɓa runtsawa shi ya sa caji yake zuƙewa, wani ya ce bairos ne, wani kuma duk abin da aka faɗa amsarsa ɗaya ce, a kai ta Farm Centre a yi mata filashin. Kowa ya ɗan taɓo gefen gaskiya, amma abin da ya haɗa tambayoyin nan duka wani tsari ne da yake can ƙasan manhajar waya inda ido ba ya kaiwa. Masana kwamfuta suna ce masa intarof, wato katse hanzari, ni kuma a rubutun nan zan riƙa ce masa kira kawai dan mu yi sauri.

Waye kanel?

Wayar Android kowace iri ce, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, in ka tona ƙasan WhatsApp da TikTok da duk abin da kake gani a sikirin za ka tarar da wata manhaja guda ɗaya wadda ita kaɗai take da ikon taɓa kayan ƙarfen wayar kai tsaye, ita ce kanel. Na Android sunansa Linux, wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, lokacin ko mafarkin waya irin ta yanzu ba a yi. Windows tana da nata kanel ɗin, iPhone ma haka. WhatsApp ba ta isa ta kunna kyamara da kanta ba, sai ta roƙi kanel, shi kuma a cikinsa akwai ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, kowace na'ura da direbanta: na sikirin daban, na sifika daban, na caji daban, na memori daban.

Ita kuma furosesa, wato ƙwaƙwalwar da take aiwatar da lissafin, ba ta da ido ba ta da kunne. Aikinta ta ɗauki umarni ɗaya ta aiwatar, ta ɗauki na gaba, haka dai ba tsayawa. Wadda aka rubuta wa 2 GHz a kwali agogonta yana bugawa sau biliyan 2 a sakan ɗaya. Kai kuwa duk saurin yatsanka a cat haruffa nawa za ka danna a sakan? Kaga tsakanin harafi da harafi furosesa tana da sararin bugu ɗaruruwan miliyoyi. To matsalar kenan, ta yaya abu mai wannan gudun zai yi hulɗa da duniya mai tafiyar hawainiya ba tare da ya ɓata ƙarfinsa a zaman jira ba.

Leƙe ko sallama

Hanya biyu ce. Ka ɗauka maigida ne a cikin gida yana aikinsa kuma yana tsammanin baƙi. Zai iya tashi duk bayan minti ɗaya ya leƙa zaure ko wani ya zo, yawancin leƙen zai tarar ba kowa, aikinsa ya tsaya, barcin rana kuwa babu shi. Ko kuma ya ci gaba da sabgarsa, in ya gama ma ya kishingiɗa, duk wanda ya zo ya yi sallama. Ta farkon ita ce leƙe-leƙe, ta biyun ita ce kira, kuma a kan ta biyun aka gina kusan duk kwamfuta da wayar da muke riƙewa.

A zahiri sallamar nan wuta ce. Akwai siririn layi a kan fanel, wato allon kayan cikin waya, daga na'ura zuwa wajen furosesa, na'ura in tana da magana sai ta canza ƙarfin wutar da ke layin. Sababbin na'urorin kwamfuta ma ba sa buƙatar layi na daban, wani ɗan saƙo suke rubutawa a wani adireshi na musamman, tsarin da ake kira MSI-X yana ba na'ura guda ɗaya damar kira har iri 2048.

To idan babu aikin yi fa? Nan amsar tambayar farko take. Kanel yana ba furosesar ARM, irin wadda take cikin wayoyinmu, wani umarni mai suna WFI wanda ma'anarsa tsaya ki jira kira, a kwamfutocin Intel da AMD kuma akwai makamancinsa HLT. Daga nan sai ta daina lissafi, in zaman ya yi tsawo a yanke wa wasu sassanta wuta gaba ɗaya. Barci take yi na gaske. Masu gadin dare ƙananan aisi ne, wato 'yan mitsi-mitsin na'urorin da ke manne a kan fanel, waɗanda ba sa shan wuta sosai: aisin wuta yana lura da maɓallin kunnawa da bakin caja, shi kuma modem, wato ɓangaren da yake magana da eriyar MTN ko Airtel, yana da tasa ƙaramar furosesar, yana ɗan farkawa a kai a kai ya saurari ko eriya tana cigiyar layinka. In ya ji ana nemanka sai ya tashi babbar.

Mai tsara kira

Na'urori suna da yawa, furosesa kuma ba za a jona mata layi ɗari ba, dan haka aka sa wani a tsakani, shi yake karɓar duk kira ya jera su bisa muhimmanci ya miƙa. Kwamfutar IBM ta 1981 wani aisi na Intel mai lamba 8259 ta yi amfani da shi, layi 8 kacal gare shi, a 1984 aka goya biyu aka samu 15 masu amfani. Lamba 0 ta agogo ce, lamba 1 ta kibod. Waɗanda suka yi gyaran kwamfuta a shekarun 1990 sun sha fama da wannan ƙarancin, sai ka saka katin sauti ya ɗauki lamba 7 alhali firinta ma a nan take, su yi ta karo, sai an buɗe an canza da hannu.

A wayoyin Android kuwa na kamfanin ARM ake amfani da shi, sunansa GIC. Lamba 0 zuwa 15 kawunan furosesa ne suke kiran junansu da su (kai shine kowane sashen furosesa mai yin lissafi da kansa, wayar da aka ce maka okta ce kawuna 8 gare ta), 16 zuwa 31 na kowane kai ne shi kaɗai kamar agogonsa, daga 32 har 1019 kuma na sauran na'urori ne. Shi yake yanke wane kai za a tasa, kuma in kira biyu suka zo tare shi yake cewa wane ne gaba. Ana kuma iya ce masa ya toshe lamba kaza na ɗan lokaci.

Daga taɓa sikirin zuwa fitowar harafi

Nan ya kamata mu ɗan zauna dan nan ne ainihin aikin. Ka ɗauka kana kallon bidiyo sai ka taɓa sikirin. A bayan gilashin akwai wani ɗan aisi da yake auna canjin wutar da yatsa yake kawowa, da ya ji sai ya ja layinsa. Mai tsara kira ya duba ba a toshe lambar ba, ya zaɓi kai ɗaya ya buga masa.

Furosesa ba ta yar da abin da ke hannunta a tsakiya, sai ta kai ƙarshen umarnin da take kai sannan ta tsaya. Abu na farko da take yi, ita da kanta ba da sa hannun wata manhaja ba, shine ta adana inda ta tsaya da halin da take ciki, ta koma matsayin kanel mai cikakken iko, ta rufe ƙofa kada wani kiran ya shigo a kan wannan, sannan ta yi tsalle zuwa wani adireshi da kanel ya riga ya rubuta mata tun lokacin da aka kunna waya. A kwamfutocin Intel jadawalin adireshin nan gurbi 256 gare shi, 32 na farko an ware su dan matsalolin da furosesa take cin karo da su da kanta, misali lamba 0 ta wanda ya yi ƙoƙarin raba lamba da sifili ce.

Daga nan kanel ya karɓa. Akwai wasu 'yan ma'ajiyoyi a cikin furosesa da ake kira rajista, nan lambobin da bidiyonka yake tsakiyar lissafawa suke, to dole kanel ya kwashe su tsaf ya ajiye a gefe dan in ya taɓa ko ɗaya bai mayar ba manhajar za ta dawo ta ci gaba da lissafi da lambar da ba tata ba, kuma ba za ta taɓa sanin an yi ba. Bayan ya adana sai ya tambayi mai tsara kira, lamba nawa ce? Ya duba littafinsa ya ga wane direba ne ya yi rajistar wannan lambar, ya kira shi. Direban ya yi abin da zai yi, ya gaya wa na'urar an ji ki ki sauke layi, kanel ya sanar da mai tsara kira an gama da wannan, a mayar da rajistoci yadda suke, a buɗe ƙofa, bidiyo ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Duk wannan zirga-zirgar a ƙa'ida 'yan maikurosakan take ci, wato 'yan ɓaɓɓashi cikin miliyan na sakan ɗaya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kafin kanel ya koma yakan duba ko kiran nan ya tashi wani aikin da ya fi wanda aka katse muhimmanci. In haka ne ba zai koma kan na da ba, sai ya ba sabon wuri tukuna. Shi ya sa kira yake iya shigo maka kana tsakiyar gem.

"Ana zuwa": dalilin raba aikin gida biyu

Mu koma wajen maigidan nan sau ɗaya. In aka yi sallama ya ce ana zuwa, baƙo ya samu nutsuwa ya zauna a dakali, kunnen maigida kuma yana sake dan jin sallama ta gaba. In kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hirar gona da ta farashin taki, duk wanda ya zo bayan nan sai dai ya gaji ya tafi. Haka abin yake, muddin direba yana cikin amsa kira ƙofar wannan kan a rufe take, agogo yana jira, sauti yana jira, netwok yana jira.

Saboda haka Linux ya raba aikin, rabin sama da rabin ƙasa. Rabin sama shine amsawar gaggawa, ka kwashi abin da zai ɓace in an jinkirta, ka yi wa na'ura shiru, ka rubuta cewa akwai sauran aiki, ka fita. Kuma yana da doka mai tsauri, ba a yarda ya tsaya jiran komai ba, dan ba shi da gurbin kansa a layin ayyuka, aron lokacin wani ya yi, in ya kwanta jira babu wanda zai tashe shi. Rabin ƙasa shi yake yin aikin mai nauyi daga baya ƙofa a buɗe.

Sikirin ɗin nan ma misali ne mai kyau. Kiran da ya yi bai ƙunshi inda ka taɓa ba, cewa kawai ya yi ina da magana. Kafin a san wurin sai an tambaye shi ta wata siririyar hanya irin su I2C wadda in aka gwada da gudun furosesa tafiyar kura take yi, kuma tambayar tana buƙatar jira, abin da aka hana rabin sama. To sai a miƙa wa wani ɗan aiki na kanel wanda shi an yarda ya jira, tsarin da ya shiga Linux a 2009. Shi zai karanto wurin ya tura sama, Android ta gano wace manhaja ce a wurin, manhajar ta zana harafin, a jira zagayen sikirin na gaba wanda a mai 60 Hz yake zuwa duk bayan kusan milisakan 17, wato sau 60 a sakan. Windows ma haka take yi da sunayenta daban, rabin ƙasanta DPC ake ce masa.

Manyan kaya kuwa irin bidiyon da kake saukewa ba furosesa ce take dakon su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai tsarin DMA inda na'ura take zuba bayanan cikin ram da kanta, sai ta gama tukuna ta yi kira guda ɗaya ta ce kaya sun sauka.

Agogon da yake ƙwace furosesa

A duk kiraye-kirayen nan ni a ganina babu kamar na agogo. Ka yi tunani, idan manhaja tana gudana a kan wani kai to kanel ba ya gudana a kan wannan kan, a gefe yake. To in manhajar ta rikice ta ƙi sakin furosesa, wa zai ƙwace? Agogo ne. Kafin kanel ya miƙa wa kowa furosesa sai ya saita agogo ya kira shi nan da ɗan lokaci, in lokacin ya yi dole iko ya dawo hannunsa ko manhaja ta so ko ta ƙi. Da wannan ne waya take iya kunna maka karatu tana sauke fayil kana kuma cat, ana ta yanka lokacin ne ƙanana ƙanana ana rabawa.

Tsohuwar kwamfutar IBM agogonta sau 18.2 yake bugawa a sakan. A Linux mai haɗa kanel yana zaɓar 100 ko 250 ko 300 ko 1000, Windows kuma ta saba da 64. Amma ka ga illar ai, in agogo zai tashi furosesa sau 250 kowane sakan ko da babu aikin komai to ina barcin? A 2007 aka shigar da gyara a Linux, in babu aiki sai a dakatar da bugun a saita agogo sai lokacin da ake da alƙawari na gaba. Ba dan irin wannan gyaran ba da wayar da take kwana biyu da caji ɗaya sai dai a labari.

Idan kira ya zama ambaliya

Tsarin yana da inda yake karyewa. Kowane kira yana da kuɗin shiga, adana rajista da mayarwa da sauransu, in kira kaɗan ne ba a ji, in ya yi yawa sai ya cinye komai. Layin netwok mai gudun gigabit ɗaya zai iya kawo ƙananan ƙunshin bayanai kusan miliyan 1.5 a sakan, in kowanne sai ya yi kiransa to furosesa za ta ƙare a amsawa, babu lokacin sarrafa ko ɗaya, kwamfuta tana ta haki amma babu abin da yake fita. Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan sun yi bayanin wannan cutar a 1996, kuma maganin da Linux ya ɗauka daga baya mai suna NAPI abin dariya ne in ka duba, komawa leƙen da aka raina aka yi. Ƙunshi na farko in ya zo ya yi kira sai kanel ya toshe kiran katin, ya riƙa zuwa da kansa yana kwasa, bisa al'ada har 64 a zuwa ɗaya, sai ya ga wurin ya zama fayau sannan ya buɗe kiran.

Akwai kuma ambaliyar lalacewa, na'ura ta riƙe layi ta ƙi saki ko direba ya kasa yi mata shiru, ana fita daga kira ana sake faɗawa. Linux yana ƙirgawa, in a cikin kira 100,000 a layi ɗaya aka samu 99,900 babu direban da ya ce nawa ne, sai ya kashe layin ya rubuta a littafin rahotonsa cewa babu wanda ya kula. Na'urar za ta iya daina aiki yadda ya kamata amma sauran kwamfutar ta tsira.

Inda masana suka rabu

Ba a gama wannan musun ba har yau. Masu manyan sabobi, wato kwamfutocin da suke yi wa jama'a hidima ta netwok, irin na bankuna da kamfanonin sadarwa da yawansu sun fi son a tara kira a amsa a dunƙule, wasu ma su ware kawuna sukutum ba abin da suke yi sai leƙen netwok dare da rana, wuta ba damuwarsu ba ce, yawan aikin da aka fitar shine. Masu injinan masana'anta da na'urorin sauti kuma cewa suke ba ruwansu da yawa, su dai a ba su tabbacin in na'ura ta kira za a amsa kafin lokaci kaza, kullum, ba yawanci ba. Aikin da aka yi domin su mai suna PREEMPT_RT, wanda yake mayar da kusan duk amsa kira ta zama aikin da za a iya katsewa, ya yi kusan shekara 20 a gefe kafin a shigar da shi cikin Linux 6.12 a Nuwamban 2024. Masu waya su kuma batir ne a gabansu, duk kiran da za a iya jinkirtawa a haɗa shi da wani su a wajensu riba ce. Mu da muke biyan kuɗin caji a rumfa ai mun san layin da muke.

To mai waya a ƙauye me ya shafe shi?

Na farko wayar da take danne-danne da kanta, musamman in tana jikin caji a rumfar janareta. Mutane suna cewa bairos, wasu har su ce an yi mata kutse. Yawanci ba haka ba ne. Aisin sikirin canjin wuta ɗan mitsitsi yake aunawa, to caja mara kyau tana shigo da hargitsin wuta, haka gumi ko ɗigon ruwa ko tsagewar gilashi, sai aisin ya ɗauka yatsa ne ya yi kira na gaskiya da wurin taɓawa na ƙarya, kanel kuma ba shi da hanyar ganewa, abin da aka gaya masa shi zai kai sama. Kafin ka biya kuɗin filashin a goge maka hotuna da lambobi, zare cajar ka goge sikirin ka gani, in ta daina to ka san mai laifin. In mai gyara ya ce maka Alhaji sai an canza gilashi, ba lallai cuta yake nufi ba, filashin ba ya gyara layin da yake kiran ƙarya.

Na biyu hukin. A nan sai an yi adalci, yawancin nauyin da ƙananan wayoyi suke yi ba laifin kira ba ne, ƙarancin ram ne da memorin da ya cika ko ya tsufa, kanel ya ji taɓawarka sarai, manhajar ce ba ta samu sukunin amsawa ba. Alamar ita ce in ka danna maɓallin gefe haske yana mutuwa yana dawowa. Amma akwai ƙamewar da komai yake tsayawa cak, wannan kam ana iya samun direba ne ya maƙale ƙofa a rufe. An yi tanadinta, akwai wani agogo na daban a cikin aisi da ake kira kare mai gadi wanda dole kanel ya riƙa shafa shi a kai a kai, in aka ɗauki lokaci ba a shafa ba sai ya kashe wayar ya kunna, to wasu daga cikin wayoyin da suke ristatin da kansu abin da yake faruwa kenan. Haka danne maɓallin kunnawa na kamar sakan 10, a wasu wayoyin haɗe da na rage murya, yana aiki ko kanel ya mutu murus saboda aisin wuta ne yake ƙirga wannan da kansa. Masu shagon buga takardu da suke ganin shuɗin sikirin a Windows da rubutun IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, dangin wannan ne, galibi wani direba ne ya taɓa wurin da bai kamata ba a lokacin da doka ta hana, shi ya sa yakan biyo bayan jona sabuwar na'ura ko saka direban da aka tsinto.

Na uku caji. Wayar da take aljihu ba ta shan wuta dan tana farke, tana sha ne gwargwadon sau nawa aka tashe ta da kuma tsawon lokacin da aka hana ta komawa. Kowace manhaja da ka bari tana turo sanarwa, kowane guruf mai saƙo ɗari biyar a dare, modem ne zai yi kira furosesa ta tashi. Tun Android 6 a 2015 Google ta saka tsarin Doze da yake tara buƙatun manhajoji in waya ta daɗe a ajiye ya sake su lokaci guda. Su kuma manhajojin nan masu hoton tsintsiya da roket da ake cika mana waya da su wai suna wanke ram, ni ban ga amfaninsu ba, suna kashe manhaja ita kuma ta sake tashi daga farko wanda ya fi cin wuta, ga tallan da suke jawowa da datarka. Sannan in za ka wuni a gona ko fadama inda sabis sanda ɗaya ce tana zuwa tana tafiya, modem ɗin ne da kansa yake ƙona batir wajen neman eriya da ɗaga murya, in ba kiran da kake jira ka saka ta a yanayin jirgi.

Maganar saurare kuwa, barcin furosesa ba hujja ba ce cewa babu mai ji, kuma farkawarta ba hujja ba ce cewa ana ji. A wayoyin da aka kunna wa kiran Google da murya akwai masu ɗan aisi mara shan wuta da yake jiran wannan kalmar kaɗai, in ya ji sai ya yi kira. Abin dubawa shine wace manhaja ka ba izinin makirfo, kuma daga Android 12 ta 2021 duk lokacin da manhaja take amfani da makirfo ko kyamara wani koren ɗigo yana fitowa a saman sikirin.

Ga mai son gani da idonsa

Ɗaliban kwamfuta na Dutse ko Wudil ko Kafin Hausa da suke da laftof mai Linux, ku buɗe tamina ku rubuta cat /proc/interrupts, za ku ga jadawali, kowane layi da lambarsa da sunan na'urarsa da adadin kiran da kowane kai ya amsa tun da aka kunna. Ku danna haruffa a kibod ɗin jikin laftof ɗin ku sake dubawa, a yawancinsu za ku ga layi mai lamba 1 ya ƙaru, lambar nan dai ta 1981 har yau ba ta canza ba. In kibod na USB kuka jona ba za ku gan shi a nan ba, shi kwamfuta ce take leƙa shi, sai kwantirolar USB ta yi kira a madadinsa.

A waya kam da wuya ku samu buɗe fayil ɗin. A 2016 wasu masu bincike suka nuna cewa manhajar da ba a ba ta izinin komai ba za ta iya zama tana karanta ƙirgen kiran sikirin kawai, daga yawan kiran da tsawon kowane jan yatsa ta yi hasashen zanen da mutum yake buɗe wayarsa da shi, daga baya Google ta hana manhajojin da ake saukewa karanta fayil ɗin.